KWAMFUTA MA KIWO TAKE SO

Ina roƙon Malam Edita ya ɗan sam mini fili in faɗi albarkacin bakina a kan wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Na san wani zai ce ina ruwan falken shanu da zancen kwamfuta, mutumin da iyakacin karatunsa Islamiyya? To, gaskiya ne ni ba gwani ba ne, amma jiki magayi. Abin ya ci ni ne, kuma ba na so ya ci wani bayana.

A shekarar 2023, ana saura kwana 12 Sallar Layya, muna zaune a ɗan biro nawa a nan Maraɗi da la'asar, sai hadari ya taso, aka ɗauke wuta. Can an jima aka dawo da ita da ƙarfi, muka ji ɗan ƙauri, kwamfutar da ke kan tebur ta yi shiru. Muka latsa, muka sake latsawa, ko motsi. A cikinta kuwa duk lissafin bashina yake, wane ya ɗauki kai nawa, ya biya nawa, saura nawa. Tun 2021 da yarona ya zuba komai a cikin Excel na daina taɓa littafi, don gani nake an wuce wurin.

Na kai ta wajen wani mai gyara, ya karɓi jikka 15, ya riƙe ta kwana 9 a daidai lokacin da kasuwa ke ci, daga baya ya ce faifan ajiyar ya ƙone. Na aika da ita Yamai, wani ya yi ƙoƙari ya ciro mini lissafi har zuwa watan Maris. Na wata uku ya tafi ke nan har abada. Alhamdu lillahi, yawancin waɗanda nake bi masu tsoron Allah ne, kowa ya zo ya faɗi abin da ke kansa. Amma akwai wani mahauci da muka yi shekara 20 muna hulɗa, shi ya ce ya biya kuɗin sa 5, ni kuma 3 nake tunawa. Ya ce mini, "Alhaji, gabanka munka ƙirga, kai da kanka ka ce wa yaro shi rubuta." Ni ban ce ƙarya yake yi ba, shi ma bai ce ina yi ba, amma babu rubutun da zai raba mu. Tsakaninmu jikka 700. Dattawa suka zauna suka raba asarar biyu. Wallahi kuɗin bai dame ni ba kamar zumuncin da ya tafi, don har yau daga gaisuwa ba ma ƙara komai.

Tun muna yara aka karantar da mu cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ni na rubuta, amma ban tsare rubutun ba. Wanda kuwa ya rubuta bai tsare ba, da shi da wanda bai rubuta ba duk ɗaya ne ranar gardama.

Jama'a, mu duba yadda sana'ar nan ta sauya a hannunmu. Lokacin da na fara bin mahaifina kasuwa a ƙarshen shekarun 1980, kuɗi a lalita suke, lissafi a ka, shaida kuma dillali ne. Ko labarin karya darajar sefa da aka yi a watan Janairun 1994 a rediyo muka ji shi. Yanzu fa? Hoton rago ake ɗauka a Dakwaro ko Abalak a tura wa mai saye a Legas ko Kwatano, a yi ciniki ba a ga juna ba. A farkon 2023 da aka yi ƙarancin takardun naira saboda canjin kuɗi a Nijeriya, duk wanda ke kai dabbobi Jibiya, ko Mai'aduwa, ko Illela ya ga yadda mai saye zai tsaya da kuɗinsa a banki amma babu ko sisi a aljihu, dole sai ta waya. Wato dukiyarmu ta tashi daga lalita ta koma cikin waya da kwamfuta, alhali kuwa kulawar da muke ba su ba ta kai wadda muke ba jakin ɗaukar ruwa ba. Kuma ba mu kaɗai ba, mai kantin magani, da mai sayar da dussa da angurya, da mai gidan buga takardu, duk ciwonmu ɗaya.

Bari in lissafa cututtukan da na ga sun fi kama mu, daga abin da ya same ni da abin da na gani wajen maƙwabta.

Na farko wuta, da zafi, da ƙura. Masu ƙera wayoyi da kwamfutocin hannu da yawa sun rubuta cewa kada a yi aiki da su a zafin da ya wuce digiri 35. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu, a Maraɗi ko Tawa, zafi kan haura 40. Sa'an nan ƙurar hunturu ta shiga ta toshe ƴar fankar da ke sanyaya cikin na'urar, tana ta wahala ba wanda ya sani, sai ran da ta faɗi. Wuta kuma ba ɗaukewar ce ta fi ɓarna ba, dawowarta da ƙarfi. A watan Agustan 2023 da Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi, kowa ya ruga janareta da sola, kowa ya zama injiniyan kansa. Na ga da idona mutumin da ya haɗa kwamfuta kai tsaye da ƙaramin janareta, ba ta yi mako ba ta bi tawa. Maganin abin kuwa ɗan akwati ne mai batir da ake sa wa tsakanin bango da kwamfuta, yana daidaita wuta, in an ɗauke kuma ya riƙe ta ƴan mintoci har ka adana aikinka ka kashe. Ni sai bayan asara na san da shi.

Na biyu rashin ajiya ta biyu. Masana wannan aiki suna da wata ƙa'ida mai sauƙi da suke kira 3-2-1. Ma'anarta, duk abin da ba ka so ya ɓata ka ajiye shi kwafi 3, a kan abin ajiya iri 2, kwafi 1 kuma ya kasance ba a ɗakin da kwamfutar take ba, ko a gida, ko a ma'ajiyar intanet. Wannan ai mu ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wane mai hankali ne zai tara garkensa duka a rijiya ɗaya, hannun makiyayi ɗaya? Amma ajiyar ma sai ana dubawa. Akwai wanda ya ce mini yana da komai a cikin ɗan kile, ran da aka buɗe sai aka tarar rabon da a zuba wani abu a ciki wata 8.

Na uku tsofaffin manhajoji. Yawancin kwamfutocinmu na hannu ne muke saya, kuma abin da muka tarar a ciki shi ke nan har ta mutu. Kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 7 gyaran tsaro tun watan Janairun 2020, Windows 10 ma wa'adinsa na yau da kullum ya ƙare ran 14 ga Oktoba, 2025. Kwamfutar za ta ci gaba da tashi, amma kamar gida ne da katangarsa ke tsagewa ba mai yaɓe. Kada a ce wannan zancen Turawa ne kawai. A watan Mayun 2017 wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe wajen 150, tana kulle wa mutane bayanansu, ta ce sai an biya dalar Amurka 300 kafin a buɗe. Har asibitoci a Ingila sai da suka mayar da marasa lafiya gida. Abin takaici, Microsoft ya fitar da rigakafin tun watan Maris na wannan shekara, waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sa ba.

Na huɗu ɓarayin da ba su hawa katanga. Wani zai kira ka da ladabi, ya ce daga wata ƙungiya yake, za a sa ka cikin taro ko za a ba ka tallafi, an turo maka lamba 6, ka karanto masa. Kana karantawa ya tafi da WhatsApp ɗinka, ya shiga bin abokan cinikinka ɗaya bayan ɗaya da sunanka da hotonka, yana cewa motarka ta lalace a hanya a turo kuɗi. Alhali a cikin WhatsApp ɗin akwai wurin da za ka sa lambar sirri ta biyu, wadda ko ɓarawo ya sami ta farko ba zai shiga ba, kuma sa ta bai kai minti biyar ba. Haka nan saƙon ƙarya na cewa kuɗi sun shigo. Ana rubuta shi sak irin na banki, kai kuma ka ga saƙo ka ce a yi lodi, mota ta tashi, sai washegari ka duba asusu ka tarar wayam. Gaskiya ne Nijar ta yi dokar hukunta laifukan intanet a 2019, amma kafin a kamo mutum shanunka sun zama nama a wani gari.

Na biyar, kuma wannan ba a son faɗinsa, shi ne dogaro da yaron gida. Kusan kowannenmu akwai wani ɗa ko ƙane da muke cewa "ya iya kwamfuta". Shi ya buɗe maka imel da lambar wayarsa, shi ya san kalmar sirri, shi ya san inda lissafi yake. Ran da ya tafi jami'a, ko ya tafi ci-rani, ko kuka ɓata, sai ka zama baƙo a cikin dukiyarka. Yaron ba mugu ba ne, amma iya latsa waya daban, sanin tsaron na'ura daban, kamar yadda iya tatsar nono bai mai da mutum likitan dabbobi.

Na shida yankewar rezo. Ran 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet da ke ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka wayi gari intanet ya yi rauni ko ya ɗauke, har da bankuna. Kafin nan, ran 4 ga Oktoba, 2021, WhatsApp da Facebook sun tsaya cak wajen awa 6 a duniya baki ɗaya. Irin wannan ba mai hana shi, amma wanda aka shirya wa layi biyu na kamfani daban-daban, da lambobin abokan ciniki a takarda, ba zai zauna ya yi tagumi ranar kasuwa ba.

To, ina mafita? A nan ne nake so ƴan'uwa su ba ni kunne. Hanyar da muke bi yanzu ita ce sai ta ɓaci a nemi mai gyara. Ba ina zagin masu gyara ba ne, sana'arsu suke yi, kuma akwai na kirki da yawa a cikinsu. Amma mu duba tsarin da idon basira. Mutumin da ba ya samun ko dala daga gare ka sai na'urarka ta mutu, me zai kawo shi ya share mata ƙura tana da rai? Kuma ran da ka je masa kai ne mai gaggawa, kuɗin da ya yanka shi za ka biya.

Akwai wata hanya da ƙananan ƴan kasuwa ke bi a wurare da dama, wato a ɗauki ƙwararre ko ƙaramin kamfani a yi yarjejeniya, ana biyansa wani abu sananne duk wata, shi kuma ya ɗauki nauyin lafiyar na'urorin tun ba su kwanta ba. Yana zagayowa ya duba, ya sabunta manhaja, ya tabbatar ajiya tana tafiya, ya sa makullan tsaro, wani gyaran ma daga inda yake zai yi ta intanet ba sai ya zo ba. In abu ya lalace aikinsa ne ya ƙaru, kuɗinsa bai ƙaru ba, saboda haka hutunsa yana cikin lafiyar kayanka. Wannan shi ne bambancin makiyayi da mahauci, ɗaya abincinsa na cikin ran dabba, ɗaya kuwa sai ta faɗi.

Mu masu dabbobi mun fi kowa sanin wannan darasi. Iyayenmu sun ba mu labarin bushiya, yadda takan share garke a bar mutum da sanda. Ba a ci ƙarfinta da kowa ya jira sansa ya kwanta sa'an nan ya nemi magani ba. Allurar rigakafi aka yi ta haɗin gwiwa, ƙasa da ƙasa, tun daga 1962. Da aka yi sakaci ta dawo a farkon shekarun 1980 ta yi ɓarna mai yawa, aka sake ɗaura ɗamara, har a 2011 aka yi shelar an kawar da ita daga duniya. Rigakafi ya fi magani, kuma na taro ya fi na mutum ɗaya araha.

Na san akwai masu ja, kuma maganarsu abin saurare ce. Wani dattijo ya ce mini, "Alhaji, wanga abu na manyan kamfunna ne, mu ina munka ga kuɗɗin biyan injiniya duk wata?" Gaskiyarsa in mutum ɗaya ne. Amma don me muka yi ƙungiya? A misali, in mutum 30 suka yarda kowa ya riƙa ba da jikka 5 a wata, an tara jikka 150 ke nan, abin da za a iya zama da matashi mai ilmin aikin a yi magana. A shekara kowa ya ba da jikka 60, bai kai kuɗin ragon layya mai kyau ba. Ni a yini ɗaya na rasa abin da ya fi na shekara biyar, ban da zumunci.

Wani kuma ya ce, to sirrinmu fa? Za mu ɗauki baƙo mu nuna masa wanda muke bi da wanda ke binmu? Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, ban raina ta ba. Amma ina tambaya, yanzu da waya ta lalace ba mukan miƙa ta ga wanda ko sunansa ba mu sani ba a bakin kasuwa, mu faɗa masa lambar buɗewa, mu tafi mu dawo gobe? Wanne ya fi, shi ko wanda aka san gidansu, aka san mai tsaya masa, ya sa hannu a takarda gaban shaidu? Ai ko dillali ba a ba shi amana sai an san maigidansa.

Na uku ya ce su ma ƙwararrun suna kuskure. Haka ne. Ran 19 ga Yuli, 2024, wani kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka mai suna CrowdStrike ya aika da sabuntawa mai kuskure, kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 suka tsaya, jiragen sama suka kasa tashi. Saboda haka ban ce mu miƙa wuya mu yi barci ba. Ko ka ba makiyayi garke, kana zuwa ruga ka ƙirga. Littafin takarda ma kada a yar da shi, ni na koma rubuta kowane bashi a wuri biyu.

Shawarata ga shugabanni ita ce a sa wannan magana cikin ajandar taro mai zuwa, a naɗa mutum 3 su nemo waɗanda suka iya aikin, a gwada na wata 6. In za a rubuta yarjejeniya, ga abin da nake ganin kada a bari ya fita:

1. A rubuta sau nawa zai zagayo a wata, da awa nawa zai ɗauka kafin ya amsa kira, musamman ranakun kasuwa da makonnin kafin Layya.

2. Aikin ya haɗa da wayoyi, don da yawa daga cikinmu wayar ce ofishinsu gaba ɗaya.

3. Duk wata ya buɗe ajiyar gaban mai ita, a ga lissafin jiya yana ciki. Faɗa da baki bai isa ba.

4. Imel, da layin waya, da kowane asusu su kasance da sunan mai dukiya. Kalmomin sirri a rubuta a rufe a ambulan, mai dukiya ya ajiye inda magajinsa zai samu in ta Allah ta kasance.

5. Lambar sirrin kuɗi, ta banki ko ta waya, ba ta cikin aikinsa. Kada ya tambaya, kada a ba shi.

6. A fayyace abin da kuɗin wata ya ƙunsa da abin da za a saya daban, kamar batir ko faifai, kuma ya kawo rasit.

7. Duk wata uku ya zauna da mu da yaranmu ya koya mana sababbin dabarun ɓarayi, da Hausa, ba da Faransanci ba.

8. In an rabu, ya miƙa komai cikin mako guda, a canza makullai.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da kowa zai iya yi yau da dare ba da ko tamma ba. Ka sa lambar sirri ta biyu a WhatsApp. Kada ka karanta wa kowa lambar da aka turo maka, ko da ya ce shi shugaban ƙungiya ne. Kada a ɗora dabba a mota sai ka duba asusunka da kanka ka ga kuɗin sun zauna. Sa'an nan ka tambayi yaronka, in kwamfutar nan ta mutu yanzu, ina lissafinmu yake? In ya yi shiru yana sosa ƙeya, to ka san inda kake.

Ƴan'uwa, mun iya duba haƙorin sa mu faɗi shekarunsa, mun iya taɓa gadon bayan rago mu faɗi nauyinsa, ba abin kunya ba ne mu yarda cewa wannan fanni ba namu ba ne, mu nemi mai shi mu biya shi haƙƙinsa. Abin kunya shi ne a sake samun wani a cikinmu ya rabu da amininsa na shekara 20 saboda abin da jikka kaɗan za su tsare. In na yi kuskure a wani wuri, masana su gyara mini a fitowa ta gaba, in kuma na ɓata wa wani rai ya yafe mini. Allah Ya tsare mana dukiyarmu da amanar da ke tsakaninmu, Ya sa albarka a kasuwa. Wassalam.

Naku,
Wani falken shanu, Maraɗi.